Injin Niƙan da Aka Rasa Mai Karɓa

Duk wanda ya ci kasuwa tsakanin Kaura Namoda da Shinkafi a shekarun nan ya san muryar Mainasara, ko da bai san fuskarsa ba. Fuskar ma ba ta a tsaya kallo ba ce. Gajere ne mai ƙaton maƙogwaro, Allah ya tara masa duk rabonsa a murya. Tun yana saurayi yake shela a tashar jirgin ƙasa ta Kaura. Da jirgi ya daina zuwa, sai ya rataya lasifika a kafaɗa ya faɗa kasuwanni, yau cigiyar akuya, gobe sanarwar allurar shanu. Ba shi da gona, ba shi da rumfa. Abin taƙamarsa ɗaya ne, bai taɓa shelar abin da ba haka ba. In Mainasara ya ce gishiri zai iso ran Alhamis, mace na iya ɗora tukunyarta.

A shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a a Zamfara wani kamfanin sabulun wanki ya ɗauke shi talla. Tsarin mai sauƙi ne. Ka tara takardun da ake naɗe sabulun, a rubuta sunanka a jefa cikin ganga, wanda aka zaro nasa ya ɗauki injin niƙa sabo fil. Mutanenmu kuwa ba su yarda da kyautar kamfani ba, sun ce ba a taɓa ganin wanda ya ci ba. Mainasara ya bi Moriki, ya bi Zurmi, ya bi Shinkafi yana rantsuwa cewa da hannunsa zai miƙa injin nan a gaban jama'a. Don shi ya faɗa, aka yarda.

Amma wa ke sayen sabulu, wa ke fama da turmi? Mata ne suka tara takardun, suka ba dillalai tsofaffi suka kawo masa. In ya tambayi sunan da zai rubuta, amsar ɗaya ce, a sa na maigidan, ai ba a kiran sunan matar aure da lasifika a tsakiyar kasuwa. Shi ma bai ga wani abu a ciki ba. Haka ganga ta cika da sunayen maza waɗanda ba su san ma ana yi ba.

Ranar da aka zaro, a Kasuwar Daji, sunan Malam Muhtari mai hatsi ne ya fito. Mutumin Kaura ne, dattijo, wanda bai daɗe da raka 'yan agaji aka tarwatsa dandalin 'yan karta a unguwarsu ba. Mainasara ya buɗe maƙogwaro ya kira sunan har da na ubansa. Malam Muhtari ya taso daga rumfarsa da mudu a hannu.

"Mainasara, mi na yi maka? Ni za ka kira ɗan caca gaban mutane?"

"Malam, ba caca ba ce, kyauta ce. Iyalinka sunka aiko da takardun."

"To ban sani ba, ban sa ba, kuma ba ni so. Ka kai ma wanda ya aiko ka."

Da a ɗaki aka gaya masa, ni dai ina jin da ya karɓa. Amma an faɗa kasuwa ta ji.

Manajan kamfanin, wani mai yawan duba agogo da ke zuwa daga Gusau, ya ce a sake zarowa. A Moriki sunan wani manomi Dauda ya fito. Dauda ya daɗe yana kallon injin, sannan ya ce, "Abin da Malam Muhtari ya ƙi, in ni na ɗauka, na zan mi ke nan?" A Shinkafi kuwa wanda aka kira sulalewa ya yi ta bayan rumfunan masu albasa, daga baya ya aiko cewa mai irin sunansa ne. Manaja ya ce shi bai san wannan ba, hoto yake so, mai rabo tsaye kusa da inji yana murmushi. Mainasara ya je wurin wani malami, malamin ya ce a nasa ganin babu laifi tunda sabulu aka saya kuma an yi wanki da shi. Ya raka shi har bakin zaure, ya ce amma kada ya ce shi ya faɗa.

Injin ya zauna a zauren Mainasara cikin ledarsa, kaji na kwana a kai. Wata rana da hantsi matarsa Salima ta ce ya yi baƙuwa. Wata dattijuwa ce cikin hijabi, ta durƙusa daga gefe ta gaishe shi. Rekiya ce, matar Malam Muhtari. Ta ce biki ta zo maƙwabta, ta ce bari ta leƙo.

"Malam Mainasara, ba karɓa na zo ba. So nike in gane shi da idona."

Ya janye ledar. Ta shafa bakin injin da hannun da duk kanta ce ta taɓarya. Ta ce tun farkon damina take tsintar takardun nan, har na maƙwabta ta roƙa.

"Ashe nawa ne," in ji ta.

"Naki ne, Inna. In Malam ya yarda, yau ɗin nan ina kai shi."

Ta yi 'yar dariya, ta mayar da ledar da kanta, ta gyara gefunan kamar mai rufe jinjiri, ta tafi. Mainasara ya ji kunya irin wadda bai taɓa ji ba, ya kasa cin tuwo ranar.

Da kaka motar kamfani ta zo ta ɗauke injin, ta ɗauke aikinsa tare. Abin takaici, waɗanda suka ƙi karɓa su ne suka fara cewa dama an san ba za a bayar ba. Masu tsoron Allah suka ce ya yi dillancin caca, sauran suka ce ya yi dillancin ƙarya. Ya koma kasuwa da lasifikarsa, amma ko cigiyar akuya ya yi sai a ce a bari a gani tukuna. Masu ba shi talla suka janye ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe ladan ya tausaya masa ya bar masa lasifikar masallacin unguwa, yana sanarwar rasuwa. Ita kaɗai ce shelarsa da ba a yi wa gardama.

Bayan wasu shekaru, wata safiya, Malam Muhtari ya zo masallacin da kansa, ya tsufa, idonsa jawur. Ya ce Rekiya ta cika, za a yi mata sutura bayan azahar. Mainasara ya yi masa gaisuwa, ya kunna lasifika, sannan ya juyo.

"Malam, in faɗi sunanta?"

Malam Muhtari ya sunkuyar da kai. "Ka ce iyalina."

Mainasara ya riƙe lasifikar, sunan Rekiya na bakinsa. Sannan ya gyara murya ya sanar da mutanen Kaura cewa Allah ya yi wa iyalin Malam Muhtari mai hatsi rasuwa.