Ranar da Rediyon Alhaji Ya Faɗi

Shekara da shekaru mutanen Zangon Kumasi suna cewa ina da kunnen rediyo. Wai da na kara akwati a kunnena sai in ji inda ciwon yake. Maganar ta yi mini daɗi, ban taɓa musawa ba. Yau zan faɗi inda sunan ya samo asali, don a kan ƙarya ya tsaya, Allah Ya yafe mini.

A daminar 1969 ina da shekara ashirin da uku, ba aikin yi. An sallame ni daga garejin da nake koyon kanikanci a Suame saboda gaggawa. Nakan ɗaure noti kafin in duba ko nasa ne. Boko kuwa a aji huɗu na tsaya. Sai wani maƙwabcinmu da nake kira Yaya ya ce in zo mu buɗe wurin gyaran rediyo tare. A Dosso aka haife shi, a goye aka kawo shi Kumasi, ya kuma daɗe yana aiki a shagon wani Kwara, Balarabe ɗan kasuwa, a unguwar Adum. Shi ne mai ilimin, ni ne mai baki da ƙafa.

Kai, murnar da na yi! Kwana biyu na haɗa tebur da katakon akwatunan kaya. Na aro kurfotin mahaifiyata, wato murhun gawayi, don gasa ƙarfen dalma. Duk wanda na gamu da shi a hanyar masallaci sai na tare shi na ce masa mun zama kamfani. Wuri kaɗai ya rage, kuma wurin da muke so shi ne barandar wani Alhaji mai fataucin goro, a bakin titi inda kowa ke wucewa. Wani tela ma yana neman barandar. Alhaji ya fito da babban rediyonsa da ya yi wata uku bai ce uffan ba, ya ce, “Ran Lahadi akwai ƙwallo. In na ji wasan a wannan akwati, baranda taku ce. In ban ji ba, tela ya kawo kekensa.”

Yaya yana da wani kwali da ya yanko daga katon ɗin sukari. A kai ya rubuta matakai goma sha biyu da ajami. Na ɗaya: duba batir. In da rai, wuce na biyu. In babu, canza shi ka koma na ɗaya. Haka har ƙasa, kowane mataki yana gaya maka inda za ka nufa. Jikata da ke rubuta wa kwamfuta umarni ta ga kwalin bara, ta ce ai aikinsu ke nan. A lokacin ni haushi yake ba ni.

“Yaya, wannan tafiyar tsofaffi ce,” na ce. “Kafin mu kai na sha biyu tela ya ɗinka wa Alhaji riga uku.”

“Ƙane, ko akuya aka ba kwalin nan ta bi a jere, za ta gyara rediyo. Kai ne ban tabbata ba.”

Ran Asabar da hantsi mun kai mataki na shida, sai ya zama dole Yaya ya je Adum ya aro mitar gwada wuta. Ya juyo har sau biyu yana ce mini kada in taɓa komai. Ko kwanar titi bai sha ba na ɗauki rediyon na kara a kunne, don kawai mai sayar da wake da shinkafa a tsallaken titi ta ga injiniya yana aiki. Hannuna da gumi. Akwatin ya sulluɓe, ya bugi gefen tebur, gum! Sai kawai kiɗa ya ɓarke daga cikinsa, da ƙarfi, har kajin gidan suka watse.

Kafin in rufe baki an cika baranda. Masu ɗaure goro sun bar ganye, mai abincin ta tsallako da ludayi a hannu. Alhaji ya fito ba hula.

“Wa ya tashe shi?”

Nan ne wurin da ya kamata in ce faɗuwa ya yi. Sai na ji bakina ya ce, “Ni ne, Baba. Saurarawa na yi, na ji inda ciwon yake.”

“Ikon Allah! Yaron nan kunne gare shi!”

Da Yaya ya dawo da mitarsa, Alhaji ya riga ya shige da rediyon. Yaya ya ja ni gefe ya tambaye ni abin da na taɓa. Na ce wata waya. Ya ce wacce? Na ce ja. Ya dube ni ya ce, “Duk rabinsu ja ne.” Ya so a karɓo a sake buɗewa, na ƙi, na ce kishi ne ke damunsa. Wannan kalma har yau tana ci mini rai.

Lahadi da la'asar titin ya toshe. Direbobi, mahauta, 'yan kanikanci daga Suame, har da telan, yana tsaye a baya ya harɗe hannu. Wasa ya yi zafi, mai sharhi yana ta zuba kamar zai fito daga akwatin. Ɗan wasanmu ya yanke mutum biyu, ya shiga, ya ɗaga ƙafa, sai rediyon ya yi tsit.

Ihu ya tashi. “Ina mai kunne? A ba mai kunne!” Aka miƙo mini. Na kara a kunne, na faki ido na buga shi da gwiwa. Shiru. Na ƙara. Shiru. Na uku ma haka. Tela ya ce, “Maigida, gobe da safe zan kawo keken, ko yau?”

Sai Yaya ya tura ƙarfen dalma cikin garwashi, ya danƙa mini kwalin, ya ce da ƙarfi yadda kowa zai ji, “Malam, faɗa mini, ni ɗan aikenka ne.” Na fara karantowa. Batir: da rai. Na biyu. Na uku. Mutane suna zagi, shi ko ɗaga kai bai yi ba. A mataki na tara ya tsaya, ya nuna mini da tsinke: dalmar da ke riƙe da wayar lasifika ta tsage, siririyar tsaga kamar gashi. Ɗigo ɗaya ya sa. Rediyon ya buɗe baki daidai lokacin da mai sharhi ke kururuwar mun ci.

Wayyo, ranar! Aka yi ta tsalle, wani ya jefa hularsa kan rufi. Alhaji ya ce baranda tamu ce har abada. Ni aka ɗaga sama. Yaya yana ƙasa yana kashe garwashi.

Da aka watse ya nuna mini lotsawar da ke gefen akwatin. Ya ce in waya ta tsage haka, bugu yakan haɗa ta. Ka buga sau goma, wataƙila ɗaya ya kama, sauran kuwa ko su tafi a banza ko su fasa wani abin. “Naka ɗayan ya zo maka da farko, a gaban mutane. Ka gode wa Allah, amma kada ka ɗauka kai ne.” Na ce zan gaya wa Alhaji gaskiya. Kullum sai in ce gobe, don aiki ya yi ta zuwa, kuma kowa mai kunne yake nema.

Ƙarshen shekarar gwamnati ta ce baƙin da ba su da takarda su bar ƙasar. Ubana mutumin Yendi ne, ɗan ƙasa, ba wanda ya tambaye ni komai. Yaya, da bai san ko titi ɗaya a Dosso ba, ya hau babbar mota da iyalinsa. Masu gyara biyu da ke kusa da mu, Yarbawa, su ma suka tafi. Shekarar 1970 ta same ni ni kaɗai a unguwar, da tebur, da baranda, da kwali. Duk rediyon da na gyara tun daga nan, kwalin na bi, daga na ɗaya. Amma sai na fara kara shi a kunne tukuna, don masu kallo.

Alhaji ya rasu bai sani ba. Wasiƙu biyu na aika Dosso, ba amsa. To, ku da kuka rage a Zango, ku sani: rediyon faɗuwa ya yi daga hannuna, Yaya ne ya gyara shi.