Tambari Mai Girman Farce

Mai Hoto ake ce masa, har matarsa ma haka take kiransa in ranta ya ɓaci. Shekara talatin da ɗaya yana shago guda, tsakanin tela da mai gyaran waya: ɗaki mai shuɗin labule, kujera mara jingina, fitilu biyu masu lema, da madubin gyara wuyan riga. Mutum ne mai tsabta da taurin kai. Bai taɓa jin shagonsa na bukatar tambari ba, tunda yana da hatimin roba da yake bugawa a bayan hoto.

Sai Auta, 'yarsa ta ƙarshe, ta gama karatu ta tare a shagon da kwamfutarta. Kwana uku ba ta yi ba ta ce allon ƙofa ya koɗe, hatimin ya cinye, kuma yanzu a waya ake tura hoto, ba shi da bayan da za a buga wa hatimi. Dole a yi tambari, a sa shi a allo, a ambulan, da kusurwar kowane hoto.

Akwai abin da ba wanda ya sani a gidan. Shekara biyu ke nan idon Mai Hoto yana dushewa, fuskar mutum yake gani kamar ta bayan gilashin da tururi ya rufe. Ya buga ƙusoshi a ƙasa don alamar wuri, ɗaya ta kujera, ɗaya ta ƙafar kyamara. In kyamarar ta yi 'yar ƙararta alamar ta kama fuska, sai ya danna. Tsoronsa ɗaya ne, kuma da shi yake kwana yake tashi: ranar da Auta ta gane, za ta karɓe kyamarar ta ajiye masa kujera a bakin ƙofa, ya koma mai amsa gaisuwar masu wucewa.

Mai zanen da Auta ta kawo ƙawarta ce, mace mai natsuwa da ɗan littafi a hannu. Ya zaci za ta zana kyamara ta tafi. Ashe tambayoyi ta zo da su.

"Baba, da shagon nan mutum ne, wane irin mutum zai zama?"

"Da mutum ne, ai da ya share kansa da safe ya hutar da ni."

Ta rubuta. Wannan rubutawar ta fi tambayar ruɗa shi.

"To wane launi ne yake bayyana ka?"

Ya juya bayan hannunsa ya duba, ya dubi Auta. Auta ta sunkuyar da kai tana danne dariya. Da mai zane ta tambaye shi me yake so mutum ya ji in ya shigo, ya ce so yake ya ji magana, in an ce ya ɗaga haɓa ya ɗaga. Bayan ta tafi ya tambayi tela ko haka ake yi yanzu. Tela ya ce shi tambarinsa almakashi ne, kuma ba wanda ya tambaye shi launinsa.

Bayan mako mai zane ta dawo da takardu uku ta shimfiɗa a kan tebur. Dunƙule uku baƙaƙe kawai ya gani.

"Ku fara faɗin naku, ku ne 'yan zamani," ya ce, ya kasa kunne.

Daga bakinsu ya tsinci cewa ɗaya ido ne a cikin gilashin kyamara, ɗaya labule ne da aka ɗan yaye, ɗaya haruffa ne zalla. Sai dai suna magana suna jujjuya takardun, ta dama ta koma hagu, ta hagu ta hau kan ta tsakiya, har lissafi ya kwance masa. Ya dafa ɗaya ya ce labulen nan ya yi kyau. Mai zane ta ce wannan idon ne. Ya ce shi ma abin da yake nufi ke nan, idon ya yi kama da labule. Ta sake rubutawa, shi kuma gumi ya fara tsattsafo masa.

"Saura gwaji ɗaya," ta ce. "Tambari ba ya cin sunansa sai an gane shi yana ƙarami."

Ta zaro wata takarda. Ta buga ukun a jere, kowanne girman farcen ɗan yatsa, yadda zai zauna a kusurwar hoto. Mai Hoto ya kai takardar kusa da hanci, ya janye ta, ya karkata ta wajen haske. Fari fat. Can ƙasa ya hango wani ɗan baƙi, ya ji sanyi a ransa, ya ɗora yatsa a kai.

"Wannan. Shi ya fi fitowa."

Ashe lambar shafi ce ya nuna. Mai zane ta tattara takardunta a hankali, ta ce za ta leƙo gobe.

"Baba, tun yaushe?" in ji Auta bayan ta fita.

Ya so ya ce hasken shagon ne, amma shi ya ɗaura fitilun da hannunsa. "Shekara biyu," ya ce.

Sai ga wani direba ya yi sallama yana son hoton fasfo. Ya gyara wuyan riga ya zauna. Mai Hoto ya tsaya a tsakiyar ɗaki bai san inda zai nufa ba, ƙofa ko kyamara. Auta ta kama hannun rigarsa ta kai shi bayan kyamarar, ta tsaya a kafaɗarsa.

"Ɗaga haɓa," ya ce wa direban. Ƙarar ta zo, ya danna.

Auta ta leƙa hoton, ta matso kusa da kunnensa. "Ya ƙifta, Baba. Sake."

Ya sake, ta ce ya yi. Direban ya karɓi hotunansa ya tafi yana godiya. Mai Hoto ya zauna a kujerar masu zuwa a ɗauke su hoto, wadda bai taɓa zama a kai ba.

"Auta," ya ce, "a shekara biyun nan, mutum nawa kike jin na sallama da ido a rufe, suka karɓa suka yi mini godiya?"