Ragon Inna da Hayaƙin Motar Yayana

Ko da zan tsufa har in riƙa neman carbina yana rataye a wuyana, ba zan manta ranar da yayana ya gwada mana sabon ƙarfin motarsa ba. Shekaru sun ja, amma har gobe in na ga mota ta tashi da baƙin hayaƙi sai ragon Inna ya faɗo min a rai.

A lokacin ina sayar da shinkafa da wake a bakin wani gareji kusa da tashar Filingue. Duk macen da ta yi sana'a a irin wannan wuri ta san maza ba su da hira sai ta inji. Ni da ban taɓa riƙe sitiyari ba, sai da na haddace cewa akwai wani abu wai shi pampon gazuwal, wato man dizal, shi ke auna wa inji abin da zai sha. A kansa ake raba gari kullum. Wasu su ce tsohon yayi mai zallar ƙarfe shi ne pampo, ko a tsakiyar daji ya ƙi aiki a kwance shi a kan tabarma. Wasu su ce wanda ake cirowa daga motocin da ke ratsa hamada ya fi kowanne naci. Sabon yayi mai lantarki kuwa ba shi da masoyi ko ɗaya, don ba ya yarda a sa masa hannu, su kuma abin da ba a taɓawa ba su ga amfaninsa ba.

Babban ma'aunin waɗannan masana shi ne hayaƙi. Sai a jera motoci, kowa ya taka totur ɗin tasa, alƙalai na kan bencina da cokali a hannu. Wadda ta fi turnuƙe unguwa ita ce mai ƙarfi. In hayaƙinka bai sa mai shayi ya rufe butarsa ba, to jaki kake tuƙawa. Ni dai nawa in rufe tukunya in yi tari.

Yayana yana da bashe, irin motar nan mai buɗaɗɗen baya, yana jigilar hatsi da mutane tsakanin ƙauyuka da kasuwanni. Ɗan kawunmu, taubashinmu ke nan, shi ma yana da irinta sak. A hanyar ƙauyenmu ta wajen Tondikandia akwai wani dogon tudun rairayi da kowace mota ke jin jiki a kansa. Wata rana taubashin ya wuce yayana a tsakiyar tudun, ya leƙo ta taga ya ce, "Tobashi, in turo maka amalanke?" Wasan da aka gada tun kakanni ke nan, amma yayana ya ɗauke shi kamar an zagi mahaifinmu a kabari.

Washegari sai ga shi a gareji. A jikin pampon akwai wani ɗan noti da masu ƙera motar suka ɗaure da waya suka buga masa darma, wai kada a taɓa. To, su da suke can ƙasarsu, ina suka san rairayin yankinmu na Kurfai? Bakaniken wurin kuwa bai iya ce wa kowa a'a ba. Ya tsinke wayar, ya murɗa kaɗan, yayana ya taka.

"Wanga ai hayaƙin turare na," in ji shi. "Ƙara mata."

Aka ƙara. Alƙalai suka ce ta fara magana. Aka sake ƙarawa, har sai da na daina ganin mai shayi. Bai tsaya nan ba. Wai mene ne amfanin hayaƙin da ke fita ta ƙasa, inda kaji kaɗai za su yaba? Ya sa mai walda ya ɗago bututun ya tsayar da shi a bayan kan motar irin na manyan motoci. Ƙarfen bai kai tsawo ba, sai aka lanƙwasa bakinsa ya dubi baya, daidai inda mutane ke zama.

Na ce, "Yaya, su waɗanda ka zama baya hwa?"

Ya ce, "Ke, tsaya ga tukunyarki. Iska na kwashe shi."

Sallar Layya ta matso. Innarmu tana ƙauye, kuma tun rasuwar mahaifinmu ba ta taɓa yin layya da dabbar kanta ba, sai dai a aiko mata da nama. Abin yana damunta ko da ba ta faɗi. Wannan shekarar ta turke wani farin rago tun yana ɗan ƙarami, ta ciyar da shi harawa da dusa, wani lokaci har da furar da ta rage mata. Ta ce a Filingue za ta yi sallah cikin jikokinta, a yanka shi da sunanta tana kallo. Ana sauran ƴan kwanaki muka je ɗauko su.

Inna ta shiga gaba. Ni da wani dattijo da wasu mata muka hau baya kan buhunan hatsi. Ragon kuwa yayana da kansa ya ɗaure shi tamau a ƙarfen bayan kan motar, gindin bututun nan, wai nan ne ba ya girgiza. Muna fita gari sai ga motar taubashi ta biyo mu da nata kaya. Ina ganin yayana ya dubi madubi na san mun shiga uku.

Da muka iso gindin tudu ya ba ta wuta. Gaskiya mota ta yi ƙarfi, ba zan yi mata ƙarya ba. Ta yi wani kuka ta daka tsalle, rana ta ɓace mana. Mu mutane muka cusa fuska cikin mayafi. Rago ba shi da mayafi, kuma igiya ba ta bar shi ya kau da kai ba. Hayaƙin na dukan hancinsa da zafinsa, yana fizga, igiya na ƙara shaƙe shi. Na rarrafa na kama ƙullin, ya riga ya ɗaure kamar dutse. Muka shiga dukan rufin motar muna ihu a tsaya.

Daga baya Inna ta ba ni labari cewa ta tambaye shi, "Mi ag ga mutanen baya?" Ya ce mata, "Inna, in nit tsaya nan kahewa za mu yi, wancan ya wuce mu. Su yi haƙuri kaɗan." Ya ji mu sarai.

A kan tudu ya taka birki, ya diro yana dariya, yana nuna motar taubashi can ƙasa tana hawa a hankali. "Kun gani? Ina mai amalanken?" Ragon na kwance a kan buhu, ya koma launin gawayi, idanunsa sun juye, ƙafa ɗaya kawai ke motsi. Dattijon nan ya taɓa wuyansa ya ce, "A kawo wuƙa maza, kada shi zama mushe."

A nan bakin hanya aka yanka shi, a ranar da ba ta layya ba. Inna na tsaye tana kallo, kamar yadda ta so, sai dai ba haka ta roƙa ba. Ni kuka nake wiwi, don haushi ya fi ƙarfina. Taubashi ya iso ya sauko da bakinsa cike da tsiya, ya ga abin da ke ƙasa, ya cire hularsa.

Yayana ya durƙusa ya ce, "Inna, ni saya miki wani, wanda yaf fi wanga girma."

Ta dube shi ta ce, "Wanda kas saya naka na. Wanga shi na nau, kuma ya zama nama, ba layya ba. Amma mota ta hau tudu. Barka, ɗana."

Ta ɗauki ƙullin kayanta daga gaban motarsa, ta taka a hankali ta shiga ta taubashi. Yayana ya sayo ragon kuwa, ƙato, aka yanka ranar sallah, ta sa albarka ta ce a kai wa maƙwabta. Har Allah ya karɓi ranta ba ta sake shiga motarsa ba. In ya zo ɗaukarta sai ta ce ita tsohuwa ce, ba ta gaggawa.

Abin da ranar ta koya min shi ne, duk wanda na ji yana cika baki ya ƙara wa abinsa ƙarfi, mota ce ko mulki ko kasuwa, ba shi nake kallo ba. Leƙawa nake in ga wa aka ɗaure a baya, don shi ne zai shaƙa.