Kawu Tantan Mai Tukunyar Gas

Benci ɗaya muke zaune da shi a asibitin unguwarmu, nan Imbaba da ke birnin Alƙahira. Dattijo ne siriri, jallabiyarsa ta koɗe, kafaɗarsa ta dama ta rankwafa. Hannunsa ba ya hutawa, yana ta bugun gwiwarsa biyu-biyu.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo tana kira: "Mitwalli Sa'adawi!" Ba wanda ya motsa. Ta sake kira, ranta ya fara ɓaci.

Mai shayin bakin ƙofa ya zungure shi. "Kawu Tantan, kai fa ake nema."

Nan na gane sana'arsa. Irin masu tallar tukunyar gas ɗin nan ne a keke, suna dukanta da sifana, tan-tan, tan-tan, har ƙarar ta zame musu suna. Yanzu bututu ya shiga gidaje, ba mai leƙo su ta taga.

"Baba, ba ka ji ne?" in ji ta.

"Ina ji sarai, 'yata," ya ce, yana miƙewa da ƙyar. "Rabon da a kira ni haka tun rasuwar mahaifiyata. Ni ma jira nake in ga mai sunan ya tashi."