Ladanin da Ya Kira Asuba da Rana Tsaka

Akwai ranar da ban taɓa mantawa da ita ba a aikin nan namu, ranar da Malam Ilu ya kira sallar asuba rana tana tsaka. A ƙarshen zamanin Nasara ne, ina sabon ma'aikaci a wani ƙaramin gidan likita a ƙasar Magariya. Mu biyu ne, ni da majo, wato babban ma'aikacin jinya mai riƙe da wurin. Lokotoro kuwa, wato likita, daga Damagaram yake zuwa rangadi, sai a yi sati biyu ba a ga ƙeyarsa ba.

Malam Ilu ladanin wani ƙauye ne a wajen Guci. A kan jaki aka kawo shi, ciwon haƙarƙari ya ci ƙarfinsa, numfashi da ƙyar. Majo ya ce allurar penisilin za a yi masa kwana goma ba fashi, in aka yanke a tsakiya to rai yana hannun Allah. Ni aka ɗora wa aikin. Ƙa'idar lokacin, duk bayan awa uku a yi allura, dare da rana. Ni kuwa da rawar kan sabon shiga, na ƙara da auna zafin jiki duk awa, ina rubutawa a takarda. Fitila kuma a kansa take kwana.

Da rana sai 'yan dubiya. Kun san mutanenmu, ladani ya kwanta ai gari ne ya kwanta. Ƙaninsa Nomau ya toshe taga da bargo don kada iska ta shige shi, ɗaki ya yi duhu ɗunɗum. Kowa ya shigo sai ya durƙusa ya ce sannu, ya jiki, shi kuma Malam kunya ba ta barinsa ya yi shiru. Ko ido ya fara rufewa sai ya buɗe ya amsa.

A kwana na biyar zazzaɓi ya sauka, ina ta murna. Sai ga Malam ya yunƙura ya zauna, ya sa yatsu a kunne, ya kira asuba, alhali ko azahar ba ta yi ba. Da aka ce masa rana ce, ya hau faɗa, har ya kira matarsa da sunan uwarsa. Nan take Nomau ya ce iskoki ne, wannan ba ciwon likita ba ne, gobe zai mai da ɗan'uwansa gida a yi masa turare da rubutu. Ni kuwa na san in aka tafi da shi allura ta yanke ke nan.

Majo ya shigo, ya dubi bargon, ya dubi fitilar, sannan ya dube ni.

"Yaushe rabon bawan Allah nan da barci?"

Na buɗe takardata. Awon zafi yana rubuce, allura tana rubuce, barci ko layi ɗaya babu. Kunya ta kama ni, kamar ƙasa ta tsage in shige.

Majo bai hana dubiya ba, ya san hakan cin fuska ne. Ya roƙi Nomau kwana biyu kacal, ya shimfiɗa masa tabarma a gindin bishiyar bedi, ya ce shi Nomau ne zai riƙa karɓar gaisuwa a madadin yayansa. Bayan la'asar a shiga gaba ɗaya, a yi addu'a ɗaya, a fito. Nomau ya ji an girmama shi, ya yarda, amma jakinsa yana ɗaure a ƙofa. Muka yaye bargo, muka jawo gado bakin ƙofa inda Malam zai ga inuwa tana tafiya. Da dare fitila ta koma waje, awo ya tsaya, allura kawai nake yi, bakina gum.

Daren farko barcin nasa gutsi-gutsi ne. A na biyu kuwa ya yi nisa, ko allura ba ta tashe shi sosai ba. Gari ya waye, Nomau ya ɗaura wa jaki akumari yana jira. Can Malam ya buɗe ido, ya ƙura wa inuwar ƙofa ido, ya ɗaure fuska.

"Nomau, ai hantsi ya yi. Kuna zaune asuba ta wuce ni, an rasa mai tashina? Miƙo ƙasa in yi taimama."

Nomau ya tsaya yana dariya, hawaye na zuba. Ya miƙa masa ƙasar, ya fita ya sauke akumarin da kansa. Malam ya cika kwana gomansa, da ƙafarsa ya je ya hau jakin.

To, ku yaran yanzu masu na'urori, ku ji. Mu da danginsa duk ƙauna ce ta sa muka hana shi runtsawa, saura ƙiris ƙaunar ta kai shi kabari. Dangin majinyaci ba a korarsu, wurin zama ake ba su. Kuma in kun tarar da mai ciwo yana barci, ku tambayi kanku ko abin da ke hannunku ya fi barcin nan amfani. In bai fi ba, ku ja ƙofa a hankali.