Ina Tsaye Aka Ƙona Zanen 'Yata

A lokacin da abin nan ya faru ni nas ce a wani asibiti da ke gefen Washington, ina zaune a hawa na huɗu na wani gidan bene a garin Silver Spring, ni da 'yata tilo mai shekara goma sha huɗu. Mahaifinta ya rasu tun muna Kaduna. Sa'a goma sha biyu nake yi a tsaye a wurin aiki, in dawo ƙafa a kumbure, kuma tsoro ɗaya ne ke cina dare da rana: kada wata rana a nuna ni a coci a ce ga wadda 'yarta ta lalace a Amurka. Ina ganin kaina uwa mai tsayawa a kan tarbiyya. Yau da na waiwaya, matsoraciya kawai nake gani, mai jin maganar kowa ban da ta 'yar da ta haifa.

Yarinyar shiru-shiru ce. Tana jin Hausa sarai amma da Turanci take amsa mini, kamar sauran yaranmu na nan. Abin da ta sa a rai shi ne littattafan zane na Japan da suke kira manga, musamman wani dogon labari na wasu matasa masu sihiri da ke yawo ƙasa-ƙasa suna yaƙi da dodanni. Ranar da labarin ya ƙare ta yi kuka har na yi mata faɗa, na ce wa ya mutu. Da aka fito da ci gabansa, aka kuma mayar da shi katun na talabijin, sai ka ce an yi mata albishir da sabuwar duniya. A cikin littattafan nan ta koyi zane. Shekara uku tana cika littattafan zanenta, har malamarta ta ce ta nemi shiga wata sakandare da ke da sashen zane, inda sai yaro ya kai aikin hannunsa an duba kafin a ɗauke shi. Saura mako uku a rufe karɓa.

Wata Lahadi bayan mun taso daga coci ta roƙe ni in zauna mu kalli kashin farko na sabon katun ɗin tare. Na zauna a gajiye. Ba a jima ba sai ga wani mai ƙaho ya fito daga da'irar wuta, wata yarinya ta ɗaga hannu tana kiran wani abu daga sama. Nan take na yi zargin tsafi ne. Na ɗauki littafin da ke kan kujera na buɗe, sai ta karɓa tana dariya ta juya shi, ta ce ai daga baya ake fara karanta shi. Ban tambaye ta dalili ba. Na kashe talabijin, na ɗauki waya na kira Mama.

Mama wata dattijuwa ce a ƙungiyar matan cocinmu, tana zaune a Bowie, wani gari da ba shi da nisa da mu. Ita ta karɓe ni lokacin da na zo ƙasar nan ban san ko'ina ba, kuma babu mai tsallake maganarta. Ban gama bayani ba ta yanke hukunci. Ta ce littafin da ake karantawa daga baya aikin duhu ne, domin masu tsafi komai nasu a juye yake. Kuma na yarda. Ni da na tashi a Kaduna ina ganin maƙwabtanmu Musulmi suna karatun Larabci daga dama zuwa hagu, ban taɓa jin an ce a juye suke ba, amma a ranar hankalina ya tafi hutu. Har yanzu in na tuna sai in ji kamar in mari kaina.

Ranar Asabar da rana Mama ta zo da mata biyu. A wurinmu, in ka kai maganar yaro gaban manya, to ta fita hannunka, ba ka da bakin sa musu baki. Suka shiga ɗakin yarinyar da waƙa da man shafewa, suka kwashe littattafan cikin baƙar ledar shara. Sai Mama ta jawo aljihun tebur ta ga littattafan zanen. A nan ne 'yata ta buɗe baki ta yi Hausa, Hausa cikakkiya wadda na yi shekaru ban ji daga bakinta ba. Ta roƙi Mama ta tafi da littattafan duka amma ta bar mata zanen, ta ce aikin makaranta ne, ta ce don Allah. Sannan ta juyo ta dube ni. Abin da na ce mata shi ne ta rufe mini baki manya na magana, kuma ta durƙusa a yi mata addu'a. Ta durƙusa.

Da yake ba a hura wuta a gidan bene, sai muka ɗunguma zuwa Bowie, har da ita, wai don ta gani da idonta. A bayan gidan Mama, a kan murhun da muke gasa nama ranar taro, aka yi ta jefa takardun ana waƙa. Iska ta buɗe wani shafi, na ga kaina a ciki, ina barci a kan kujera da kayan aiki a jikina, takalmi ɗaya a ƙafa. Ban san ta zana ni ba. Ina kallo gefen takardar ya nannaɗe ya yi baƙi. Hannuna yana kusa, da na miƙa shi da na ciro, amma kunyar matan nan ta fi mini 'yata nauyi.

Ba ta yi kuka ba, ba ta kuma yi mini rashin kunya ba. Ranar rufe karɓa ta zo ta wuce. Da malamarta ta kira ni, ƙarya na yi mata, na ce yarinyar ce ta canza ra'ayi.

Bayan wasu watanni muka je cin abincin bikin godiya a gidan Mama. Na sauka ɗakin ƙasa neman kujera, sai na tarar da jikokinta mata biyu a miƙe gaban ƙaton talabijin suna kallon katun ɗin nan, shi ɗin dai, har da mai ƙahon. Na hau sama, na ja Mama gefe na tambaye ta. Dariya ta yi. Ta ce ai katun ne kawai, yaran nan a nan aka haife su, iyayensu kuma ba sa son a takura musu. Na ce to tawa fa? Ta gyara ɗankwali ta ce ni na kawo mata ƙara, ba ita ta je nemana ba. Ban taɓa jin haushin ɗan Adam kamar na ranar ba, kuma abin da ya fi ƙona mini rai shi ne wannan maganar tata ta ƙarshe gaskiya ce.

Na je laburare na aro littattafan, na zauna na karanta su daga baya kamar yadda aka tsara su. Labarin abokai ne da suka ƙi yar da junansu ko ana mutuwa. Dodannin ciki ba su kai na tatsuniyoyin da kakata ke yi mana ban tsoro ba. Na sayo su gaba ɗaya na ajiye mata a kan gado, na ba ta haƙuri. Ta yi godiya cikin ladabi, ta jera su a kan kanta, ko ledarsu ba ta ɓare ba. Yanzu tana jami'a a wata jiha. A bakin wata abokiyar aikina na ji cewa ta koma zane, har an rataye aikinta a wani baje koli. Da na tambaye ta me ya sa ba ta gaya mini ba, sai ta ce ba ta zaci zan so in sani ba. Duk Lahadi tana kirana, ta gaishe ni, ta tambayi ƙafata, shi ke nan.

Ban ce kada a sa ido a kan abin da yara ke kallo ba, ban kuma ce addu'a laifi ce ba. Amma na koyi cewa tsoron bakin mutane ba tarbiyya ba ne, kuma abin da ban fahimta ba bai zama shaiɗan ba don kawai ban fahimce shi ba. 'Yan uwana mata da ke riƙon yara a ƙasar nan, in ɗanki ya kawo miki abin da yake so ya ce ki zo ki gani, ki zauna ki gani har ƙarshe, ki tambaye shi kafin ki tambayi kowa. Kada ki miƙa ɗakin ɗanki ga wadda ba za ta taɓa na jikokinta ba. Waɗanda suka taya ki ƙonawa za su wanke hannu su koma gida su ci tuwo da 'ya'yansu. Ke ce za ki zauna da yarinyar da ta roƙe ki, ta ga kin tsaya kina kallo.