Noti Goma Sha Uku na Yaya Kunne

Ajiye gwangwanin nan, amarya, ba shara ba ne. Kin girgiza kin ji ƙara, kin ce mijinki ya fara tara tarkace. To ɗauko biro ki zauna bakin taga. Yadda na faɗa haka za ki rubuta, kada ki gyara mini baki.

Noti ne a ciki, guda goma sha uku. Na wana ne, wanda nake bi. Ba ki tarar da shi ba, mamarki ma tana goye ya rasu.

A masaƙa muka yi aiki ni da shi. Ni ɗaukar dilar yadi, shi gyaran inji. Kunne ake ce masa. Ko bihim bai sani ba, amma in inji ya soma ciwo, sai ya kafa bakin sukudireba a jikinsa, ya ɗora kunne a kan ƙotar, ya lumshe ido. Har yau ina ganinsa a tsaye, hasken rana na saukowa ta rufi, burbushin auduga na yawo a ciki, yana sauka masa a gira. Can sai ya ce, “Kwance nan.” A kwance, a tarar da ciwon.

Wata shekara wani tsohon manajanmu da ya koma aiki wata ƙasa ya aiko takarda. Masaƙarsu ta sayi tsofaffin injuna goma sha biyu irin namu, injiniyoyi sun yi sun gaji. A turo Kunne.

Ni na raka shi ofishin biza. Aka ɗauki hoto, aka dangwala yatsa, akawu ya buga hatimi a fasfo ya ce, “Ta ma'aikaci ce, kwana casa'in. Ka wuce ko da ɗaya, ba ka ƙara shiga.”

Da muka dawo gida, Yaya ya ƙirga noti casa'in ya zuba a gwangwanin nan. Ya ce, “Ga hatimina wanda nake iya karantawa.”

Sauran daga bakinsa na ji. Sun ba shi ɗaki a saman bene, gado ɗaya, taga tana kallon bututun hayaƙi. Kullum in ya tashi aiki, sai ya cire noti ɗaya ya jefa a akwatin kayan aiki. Injunan nan ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tashinsu kamar mai tashin yara da safe. Sha ɗaya suka tashi. Saura babbar, wadda ya sa wa suna Tsohuwa. Ita in an kunna sai ta yi tari uku ta yi shiru. Masu masaƙa sun ce in ta ƙi tashi, 'yan gwangwan za a kira su farfasa ta. Shi kuwa ya ce muryar innarmu yake ji a cikinta, ba mai taɓa ta da guduma yana raye.

Rannan yana ƙarƙashinta sai ga tafinta da fasfo a hannu.

“Baba, fito. Gobe fa jirginka.”

“Wane jirgi? Kai yaro, karatu ya yi maka yawa.” Ya zazzage gwangwani a kan benci. “Ƙirga. Sha uku.”

Tafinta ya dubi noti, ya dubi fasfo. “Ranakun hutu fa, kana cirewa?”

“A kan me? Ranar da ban riƙe sifana ba ai ba a sa ta a lissafi. Shekara talatin ina aiki, wa ya taɓa rubuta mini ranar kwanciya?”

“Baba, hatimi ba ya hutu. Kana kwance yana tafiya.”

Kin ga, amarya, mu haka muka san kwana. Wanda ka yi gumi a cikinsa shi ne naka. Manaja ya ruga ofishi neman ƙari, aka ce irin wannan ba a ƙara ta daga ciki, sai mutum ya fita ya sake nema.

Akwai wata mata da aka ba kula da Tsohuwa. Ba ta jin harshensa, ba ya jin nata. Da yammacin nan ya kama hannunta ya sa mata sukudirebarsa, ya nuna mata inda ake kafawa, ya taɓa kunnenta. Ya bar mata ita. Ya kwashe notinsa ya hau jirgi.

Ya dawo mana jiki kawai. Shayi ya huce a gabansa yana kallon bango. Matarsa ta ce, “Kai dai faɗi gaskiya, wata ka baro a can.” Ya ce, “Na baro, kuma ta girme ki.” Muka koma neman sabuwar biza, aka ce a jira wata shida. Masu masaƙa kuwa ƙarshen wata suka yanka wa Tsohuwa.

Ana saura mako guda, masinja ya zo ya ce ana kiran Kunne a tarhon ofis. Na bi shi. Tafinta ne. Ya ce matar nan ta hana kowa sakat sai da aka ja waya har gindin inji. Ta kafa sukudireba, ta manna bakin tarho a kan ƙotar. Aka kunna.

Yaya ya lumshe ido. “Ta matsa hagu. Ƙasa kaɗan. A sake kunnawa.” Sau huɗu ana yi. Sai ya yi dariya. “Ja'ira! Ashe boris na ciki ne ya cinye, ƙarfen nan da ƙafar bel ke juyawa a kansa. Tun tuni take faɗa mini, ni ne na tsaya a bakin ƙofa.”

Bayan kwana uku suka sake kira. Yaya ya daɗe da tarho a kunne, sannan ya miƙo mini. Na ji wani abu daga nesa, kamar ruwan sama a kan kwano, ba tari, ba tsayawa.

Da sabuwar bizar ta fito bai je karɓa ba. Ya ce wadda za shi gani ta warke. Amma notin nan bai yarda an ɗaura ko ɗaya a jikin wani inji ba. Wai kwanakinsa ne da suka rage a can, hatimi ya ci nasa, waɗannan ba su shiga bakinsa ba. Ranar da jiki ya ƙi, ya damƙa mini ya ce in ajiye masa.

To mayar da shi kan kwaba. A hankali, kin cika garaje kamar kakarki. Kwanakin mutum ne.